Lalle a Agege, Ƙahon Sinawa a Ikeja

Biki ne ya kai ni Ikko, wato Legas. Autar Goggo za a aurar, Goggo kuwa ta ce lallai in riga 'yan biki isowa, domin ni za ta ɗora wa tsayawa a kan gyaran amarya. Goggo tun tana yarinya aure ya kai ta Agege, can ta haifi 'ya'yanta, can suka yi karatu, can wasu suka yi aure. Ni haifaffiyar Kano ce, a can na girma, kuma abin da na sani game da Legas bai wuce labarin da 'yan kasuwar Kantin Kwari suke dawowa da shi ba: cunkoso, ruwan sama, da kuɗin da ba ya kwana a aljihu ɗaya.

Mun yada zango a Sabo ta Ibadan wajen dangi, da safe muka shiga jirgin ƙasa a tashar Moniya. Wannan sabon layin dogo mai tsawon kilomita 157 kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa shi, aka buɗe shi a watan Yunin 2021. Ban iya ɗauke ido daga taga ba. Ƙasa kore shar, kwakwar manja da ayaba da rogo sun sarƙe da juna, babu inda za ka hango fili fetal irin na hanyar Zariya da rani, babu kuka, babu ɗorawa. Muka ɗan tsaya a Abekuta muka wuce. Ana ambaton Agege na miƙe da jakata.

Cikin tashar, wadda aka sa wa sunan tsohon gwamna Babatunde Fashola, tsaf take. Ina sa ƙafa waje hayaniya ta rufe ni. Motocin danfo masu ruwan ɗorawa sun jeru, yaran mota na rataye a ƙofa suna kiran sunayen unguwanni da saurin da ban iya tsintar ko kalma ɗaya ba. Na yi tsaye, ban san gabas ba ban san yamma ba. Yaya, babbar 'yar Goggo, ita ta tsinto ni. Ta yi ciniki da mai keke da Yarabanci, ta juyo ta yi mini sannu da hanya da Hausa, ta amsa waya da Turancin buroka, duk cikin numfashi ɗaya. Muka shiga keke Marwa, wato a daidaita sahunsu, muka bi ta gefen gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021, motoci na gudu a sama, 'yan talla na hada-hada a ƙasa.

Muna karya kwana muka shiga Zango, sai na ji ni a Fagge. Mai shayi da teburinsa, mai tsire na gyara wutar tukuba, dattawa a kan tabarma da rediyo a tsakiya, ga ladan yana kiran la'asar. Hausar Sakkwato na tashi ta nan, ta Katsina ta can, ga ta Damagaram a bakin mai sayar da dabino. Abin da ya tuna mini cewa ba a gida nake ba shi ne gumi, da burodin Agege mai laushi da danƙo wanda 'yan mata ke ɗauke da shi a kan faifan katako suna kira.

Da dare Baba, mijin Goggo, wanda ya tsufa a harkar shanu a mayankar Oko-Oba, ya ba ni tarihin wurin. Ya ce, "Goro ne ya zaunar da mu a nan, 'yata." A da kewayen Agege gonakin goro ne da koko. Da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, fatake suka riƙa sauko da shanu suna komawa da huhunan goro, wasu suka yi gida suka yi aure, har aka yi Sarkin Hausawan Agege. Ya nuna mini hasumiyar Markaz, makarantar Larabci da Shehu Adam Abdullahi al-Ilori ya fara a Abekuta a 1952 kafin ya dawo da ita nan. Na ce a raina, ashe yadda muke da Sabon Gari a Kano, haka Legas take da nata, sai dai a nan mu ne baƙin, kuma baƙin da suka yi jika da tattaɓa-kunne.

Washegari muka fita neman wajen gyara, ni da Goggo da amarya. A Kano ba a neman mai kitso. Kowane gida ya san tasa, wani lokacin ma wadda ta yi wa uwa ita ce take yi wa 'ya. Ta zo har tsakar gida, ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ki ɗora kai a cinyarta ana hira. A Agege shagunan sun yi yawan da zaɓin kansa ya zama aiki.

A bakin babban titi muka shiga wani mai ƙofar gilashi. Madubi daga bango zuwa bango, kawunan roba jere a kan kanta kowanne da hular gashinsa, injin busar da kai na huci, janareto na ruri a waje. Abin da ya tsayar da ni shi ne mata uku a kan kai ɗaya: ɗaya na tsagawa, biyu na kitsawa ta dama da hagu, suna hira suna dariya, babu mai kallon hannunta. Kitson da zai cinye wa mai kitsonmu wuni guda, su kafin azahar sun sallami mai shi. Tsagar kuwa a miƙe sambal, babu silin gashi ɗaya da ya ƙetare layi. Matan Yarabawa sun iya kai, wannan ba abin gardama ba ne. Shukun da muke yi a Kano ma ai daga wajensu ya zo. Sai dai a kujerar ƙarshe wani saurayi ne yake wanke wa wata mata kai, ƙofa kuma gilashi ce, duk mai wucewa yana gani. A wajensu sana'a ce irin kowace sana'a. Goggo ta gyara mayafinta ta ce, "Mu je, 'yar nan. Aikinsu ya yi kyau, amma ba a nan za a buɗe kan amarya ba."

A wani shagon mai shi ta tarbe mu da fara'a, ta kama hannun amarya ta jujjuya, ta ce a ba ta mako guda, ango da kansa ba zai gane ta ba. Ta jawo robobi marasa suna marasa lamba, cike da mai fari da mai ruwan hoda, ta ce haɗinta ne. Na dubi nata hannun: gaɓoɓin yatsun sun yi baƙi ƙirin, sauran fatar ta yi fari ta yi sirara har jijiyoyi sun fito kore. Yaya ma'aikaciyar jinya ce, ta riga ta ja mana kunne tun a gida cewa irin wannan haɗin yakan ƙunshi haidrokwinon ko sitiroyid ko zaiba, masu sirantar da fata su hana rauni warkewa, zaiba kuma har ƙoda takan taɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ruwaito cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna shafa man ƙara haske, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ce lamarin ya kai matsayin larurar gaggawa ga lafiyar ƙasa. Ba ciwon Legas ne kaɗai ba, mu ma a Kano muna ganinsa a kowane gidan biki. Amarya da kanta ta zare hannunta ta ce, "Anti, ni dai a bar ni da kalata." Na ji daɗin maganar nan ƙwarai.

Inda muka dace ba shi da allo a ƙofa. Wata maƙwabciyar Goggo ce ta kwatanta mana: cikin wani gida, hawa na sama, bayan labule mai kauri. Tun daga matakala ƙamshin turaren wuta ya tarye mu. Mai wurin 'yar Maiduguri ce, da 'yan mata Yarabawa masu yi mata aikin kitso, ita kuma ta riƙe dilka da halawa da lalle. Aka ce mu cire takalmi. Babu namijin da ke hawowa, ko mai kawo ruwa a ƙasa yake ajiyewa.

Ba ta taɓa amarya ba sai da ta yi mata tambayoyi. Wane mai take shafawa? Akwai abin da in ta shafa yake sa ta ƙaiƙayi? Tana da ƙuraje ko wani rauni? Yaushe ne ɗaurin aure? Goggo ta nemi a yi baƙin zane a kan jan lalle, sai mai wurin ta ce, "Hajiya, baƙin nan ba lalle ba ne, dayis ne, akwai jikin da ba ya karɓarsa. Bari in ɗiga mata kaɗan a cikin hannu, ku je ku dawo jibi mu gani." Gaskiyarta. Sinadarin PPD da ke cikin baƙin rini yana iya tayar da bororo ya bar tabo daidai siffar zanen. Na sha ganin ana yi wa amare baƙin zane a Kano, ban taɓa ganin an yi gwaji tukuna ba. Matatan kai kuma a cikin tukunyar ruwan zafi suke, reza sabuwa a gabanki ake ɓare ta, tawul kowace da nata. Da muka ba Yaya labari ta ce abin da take so ke nan, domin ciwon hanta na rukunin B ta reza da tsinken da aka yi tarayya a kai yana iya shiga jiki.

Ranar da aka fara dilka na zauna na kalla. An fara da halawa: sukari da lemon tsami da ruwa aka dafa har suka yi danƙo, ta mulmula a tafin hannu, ta shimfiɗa a ƙwauri, ta fizge da sauri ɗaya, gashi ya fita fes. Sai dilkar, curi mai launin ƙasa-ƙasa da ya sha kurkum da kanumfari da hayaƙin itacen ƙamshi. Ta gutsira ta jiƙa da mai, ta shiga murzawa daga wuyan hannu zuwa kafaɗa, a hankali, da nauyin jikinta ba da ƙarfin yatsa ba. Dattin da wanka bai taɓa fitarwa ba ya riƙa mulmulowa yana zuba a kan zanin da aka shimfiɗa. Daga nan aka lulluɓe amarya da bargo a kan kujera mai huda, kaskon turare a ƙasa. Da ta fito fatar nan tana nan da baƙinta, amma tana sheƙi, tana ɗaukar ido.

A nan ne maganar Sinawa ta shigo. Na ga mai wurin ta ɗauko wani ɗan faffaɗan dutse kore mai santsi, ta ɗiga mai a fuskar amarya, tana jan dutsen daga haɓa zuwa kunne, daga gira zuwa goshi. Na tambaya. Ta ce guwasha ake ce masa, wajen wata likita 'yar ƙasar Sin da ke Ikeja ta gani ta koya. Mai wurin ta lura kuma tun zuwana da jikina duka nake juyawa in an kira ni. Ciwon wuya da kafaɗa ne da na daɗe ina fama da shi, irin na mai yawan zama a gaban kwamfuta, doguwar tafiya kuma ta tayar da shi. Ta ce, "Hajiya, ki je wajenta. Mace ce, kuma ƙaho ma tana yi."

Ƙaho a hannun 'yar Sin! Wannan kaɗai ya isa ya tashe ni.

Ni da Yaya muka shiga jirgin Jan Layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo. Daga Agege tasha ɗaya ce zuwa Ikeja, da kati ake shiga ba da kuɗi a hannu ba. Muka ratsa gefen Computer Village, wadda kasuwar wayarmu ta Farm Centre za ta shige cikin lungunta guda, muka isa wani gida mai shiru a bayan layi. Yaya ba ta zauna ba sai da ta karanta takardun da ke bango, domin Jihar Legas tana da hukumar da ke yi wa masu maganin gargajiya rajista, kuma ta ce duk wanda ya ɓoye takardarsa akwai dalili.

Bango guda na ɗakin kabad ne mai ƙananan aljihuna jere daga ƙasa har sama, kowanne da rubutun Sinanci a goshinsa. Aka jawo mini wasu na gani: ɓawon itace, saiwa da aka yanka fale-fale, busasshiyar citta, furanni, da wasu jajayen 'ya'yan itace masu yamutsattsiyar fata. Na ɗanɗana ɗaya, na ce ai wannan magarya ce. Tafintar, wata budurwa Bayarabiya da ta koyi Sinanci a Cibiyar Confucius ta Jami'ar Legas, ta ce dangi ɗaya suke, tasu ce dai ta fi girma da zaƙi. Duk abin da ke cikin kabad ɗin nan yana da ɗan'uwa a rumfunan 'yan magani na Kasuwar Kurmi. Bambancin shi ne a nan ba a cewa "ɗan kaɗan" ko "cikin tafin hannu". Akwai ɗan sikeli, ana aunawa, ana rubutawa a takarda da sunan mai shi.

Likitar dattijuwa ce, 'yar ƙarama, mai furfura. Da farko aka auna jinina da irin na'urar asibiti. Sannan ta ɗora wuyan hannuna a kan ɗan matashi, ta jera yatsu uku a kan jijiya, ta rufe ido. Ta daɗe. Ta danna, ta sassauta, ta koma ɗaya hannun. Ta ce in fito da harshe, ta duba samansa da ƙasansa. Sai tambayoyi ta bakin tafinta: "Alhaja, yaya barcinki? Kina gumi da dare? Ruwan sanyi kike so ko mai ɗumi? Akwai juna biyu? Kina shan maganin tsinka jini?" Ban taɓa zama gaban mai magani aka tambaye ni haka dalla-dalla a kan ciwon wuya ba.

Da ta fara bayani na rikice. Akwai wani abu da suke kira chi wanda suka ce yana zagaya jiki ta wasu hanyoyi, in ya tsaya a wuri sai ciwo ya zo. Akwai kuma yin da yang da ake so su daidaita. Ta nuna mini hoton mutum a bango, jikinsa duk layuka da ɗigo, ta ce ɗigo 361 ne a kan hanyoyi 14, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara sunayensu da wurarensu. Na tambaya ko jijiyoyin jini ne, aka ce a'a. Ko na laka ne, aka ce ba daidai ba. Ban gane ba, kuma na faɗa mata ban gane ba. Sai da ta ce sanyi ne ya shiga kafaɗata ya zauna, ta hana ni ruwan firji da kwana a saitin fanka, sannan na ji ƙasa a ƙarƙashin ƙafata. Wannan ai maganar kakata ce. Mu ma mun raba cuta da abinci gida biyu, na sanyi da na zafi, shi ya sa mai jego take wankan ruwan zafi tana shan kunun kanwa.

Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai, na kuma yi ta: babu wani tsafi ko kiran wani abu a cikin aikin? Tafintar, wadda ita ma Musulma ce, ta ce babu komai sai allura da kofi da ganye. Abin da idona ya gani ke nan. Na yi bisimilla na kwanta rub da ciki, aka rufe ƙofa, Yaya na zaune a gefe.

Alluran a cikin leda suke a rufe, a gabana aka ɓare, kuma bayan an gama a kwandon shara na musamman aka zuba su. Siraran gaske ne, kamar gashin wutsiyar doki, babu rami a cikinsu, babu ruwan magani. Ina jiran zafin allurar asibiti, sai na ji ɗan tsiko kawai, daga nan wani nauyi mai ɗumi ya bazu a wurin. Ta sa a wuya, ta sa a kafaɗa, abin da ya fi ba ni mamaki kuma ta sa a hannu, tsakanin babban yatsa da manuni, ta ce wannan wurin yana da alaƙa da kai da wuya, kuma ba a taɓa shi ga mai ciki. Ta murza allurar kaɗan, na ji abin ya tafi har gwiwar hannu. Aka bar ni da su kusan sulusin awa. Barci ya ɗauke ni.

Sai ƙahon. Ta naɗa auduga a bakin almakashin riƙo, ta tsoma a sifirit, ta kunna. Ta zura wutar cikin kofin gilashi mai kauri, ta zare, ta kifa shi a bayana, duk a ƙiftawar ido. Zafin wutar ya kori iskar ciki, kofin ya kama fata ya ja ta sama. Babu ƙuna ko kaɗan, sai ja mai ƙarfi da ke kwance abin da ya ɗaure. Yaya ta ɗauki hoto ta nuna mini: fata ta kumburo cikin kowane kofi ta yi jajir. Na tuna wanzamin unguwarmu da zabirarsa, yadda yake kafa ƙahon saniya a bayan mahaifina, ya zuƙe iskar da bakinsa, ya toshe, sannan ya yi tsaga da aska ya fitar da jini. Hikimar ɗaya ce, ga ta kuma a cikin sunna. Nata dai busasshe ne, ba tsaga ba jini, ko da yake ta ce su ma suna da mai tsagar. Da aka cire kofunan sai ga tambura zagaye-zagaye masu duhu, irin waɗanda duniya ta gani a kafaɗar ɗan ninƙayar Amurka Michael Phelps a gasar Olamfik ta Rio a 2016, har aka yi ta tambayar mene ne. Da sun tambayi kowane yaro a Kano da ya gaya musu.

Daga ƙarshe ta kunna wani abu mai siffar sigari mai kauri, ta riƙa kusanto da shi kafaɗata ba tare da ya taɓa fata ba. Hayaƙin na bugun hancina na ɗago kai na ce, "Yaya, tazargade!" Ganyen dangin tazargade ne aka daka aka naɗe. Wannan gashin da sokin allurar, wato akufanca, UNESCO ta sa su cikin jerin al'adun gado na duniya a 2010.

Da tafinta ta gaya mata cewa mu ma muna da irin ganyen, muna turara shi muna jiƙa wa yara, fuskar likitar ta washe. Ta ba mu labarin Tu Youyou. A 1967, lokacin yaƙin Biyetnam, gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Wannan mata, wadda aka sa cikin shirin, ta bi tsofaffin littattafai har ta tarar da bayanin wani malami mai suna Ge Hong, na ƙarni na 4, wanda ya ce a jiƙa wani ganye na wannan dangin a ruwa a matse a sha. Daga nan ta gane cewa tafasawa ce take kashe ƙarfin maganin, ta tace shi ba da zafi mai yawa ba, ta gwada a jikinta kafin a ba marasa lafiya. Abin da ta fitar shi ne atimisinin, aka kuma ba ta kyautar Nobel a 2015. Yaya ta ce, "Ƙwayoyin maleriyar da muke bayarwa kullum a asibiti, ai daga nan tushensu yake." Na yi shiru ina jinjina abin. Maganin da ya ceci yaran Kano da na Maraɗi ba adadi, ashe daga ganye ya fito, kuma an same shi ne saboda wani ya rubuta abin da ya sani shekara fiye da 1,600 da suka wuce. A kan kantar likitar akwai wani littafin mai kauri, na Li Shizhen, wanda aka buga a 1596, ɗauke da bayanin magunguna 1,892.

Na fito ina juya wuyana dama da hagu a bakin titi. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, amma ya sake ni, na yi sallar magariba na yi sallama ba tare da na juya kafaɗa ba. Yaya ta ce binciken likitocin zamani ya fi samun amfanin allurar a irin wannan: ciwon baya, wuya, gwiwa, da ciwon kai mai yawan dawowa. Abin da ya ƙara mini ganin girman likitar shi ne ita da bakinta ta ce hawan jini da ciwon suga da ciwon daji a kai su asibiti, kada a ajiye ƙwayar likita saboda ita. Wannan ya raba ta da masu zama a tashoshin mota, a Legas da Kano duka, da wata 'yar na'ura da suke ce wa ta Chaina, ka riƙe ƙarfe minti ɗaya a lissafo maka cuta goma a sayar maka da kwalba goma. Ganye ma yana kisa in an yi ganganci: a farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a Beljiyam suka samu ciwon ƙoda daga wani haɗin rage ƙiba da aka sa wa saiwar da ba ita ba.

A wata fitar muka biya ta China Town da ke Ojota, mai jar katanga da haƙora a samanta, kwaikwayon Babbar Ganuwar Sin. Na tuna badalarmu da take zaizayewa. Na sayi koren shayi da jar magaryar nan na tsaraba.

Da na ba Baba labari ya saurara har ƙarshe, ya yaba, sannan ya ce akwai gefen da bai kamata in manta ba. Akwai wani maganin Sinawa, ejiyawo, da ake dafawa daga fatar jaki, kuma neman fatar ya sa jakin da talaka ke ɗaukar taki da ruwa da shi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba a kasuwanni irin Maigatari. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su don fata a watan Fabrairun 2024. Ya ce, "A karɓi allurarsu, 'yata, amma a bar mana jakunanmu." Na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Gwajin baƙin rinin bai tayar wa amarya da komai ba, aka yi mata ƙunshin salatif ja a tafin ƙafa, zanen fulawa a bayan hannu, 'yan matan nan kuma suka yi mata shuku mai ƙananan tsaga. Ranar kamu tsofaffin da suka zo daga Kano suka riƙa kama hannunta suna tambayar wa ya yi gyaran, suna mamakin wai a Legas aka yi.

Wanzamanmu sun san inda ake kafa ƙaho da inda ba a kafawa. Unguwar zoma ta san ganyen mai jego, mai dilka ta san fatar da ke karɓar kurkum da wadda ba ta karɓa. Duk wannan a ka yake, tsoho na rasuwa yana tafiya da nasa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin magungunan itatuwa, a Legas kuma akwai hukumar tarayya ta bunƙasa magungunan gargajiya. Ina roƙon sarakunan aska na Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram su zauna da waɗannan malamai, a rubuta wuraren ƙaho da ma'aunin kowane ganye da Hausa, a koya wa 'ya'yan wanzamai dafa kayan aiki da sauya aska ga kowane mutum, a ba wanda ya ƙware takardar da zai rataya a bangon rumfarsa.